Labarin Kalmar "Invoke" da Asalinta

Wanda ya saba duba jaridun Ingilishi, ko sauraron labarin duniya da harshen nan, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da wata kalma mai haruffa 6, watau "invoke". Bahaushe ya kan furta ta kamar "inbok", domin harshensa ba shi da harafin v. A kan ji ta sa'ad da shugaban wata ƙasa ya ɗauko wani sashe na tsarin mulki ya kafa dokar ta-ɓaci da shi, ko sa'ad da wanda a ke tuhuma ya kafa hujja da wata doka don ya tsare kansa. Har wa yau a kan same ta cikin littattafan addu'a, da cikin waƙoƙi, da cikin labarun bokaye.

To, me ya haɗa mai addu'a da boka da mawaƙi da lauya da shugaban ƙasa, har kalma ɗaya ta ishe su duka? Abin da ya haɗa su shi ne kira. Amma ba irin kiran da uba ya kan yi wa ɗansa don ya aike shi ba. Wannan kira ne na mai bukata, wanda ya kan ɗaga murya ya ambaci sunan wani abu da ya fi shi ƙarfi, ya neme shi ya zo ya tsaya masa. Fiye da shekara 2000 ke nan kalmar tana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, ba ta rabu da wannan ma'ana ba. Abin da ya yi ta sakewa kurum shi ne wanda a ke kira.

ASALINTA A BIRNIN RUM

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen Rumawan dā. A harshensu murya ita ce "vox", kira kuwa "vocare". In suka ɗora "in" a gabanta sai ta zama "invocare", watau a kira wani ya shigo cikin al'amari.

Rumawan zamanin nan masu bautar gumaka ne, kowane sha'ani da abin bautarsa: yaƙi da nasa, noma da nasa, teku da nasa, har ƙofar gida da nata. Ba su ɗauki roƙo abin wasa ba. Wani malaminsu mai suna Pliny, wanda ya mutu cikin shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda a ke yi in babban mahukunci zai yi roƙo domin jama'a. A kan sa mutum guda ya riƙa karanta masa kalmomin daga rubutu, shi kuwa yana maimaitawa, don kada ya tsallake ko da ɗaya. Wani yana tsaye yana lura da abin da ya ke faɗa. Wani yana hana jama'a surutu. Mai sarewa kuma yana ta busa, don kada wata muguwar magana ta shiga kunne. A ganinsu, in aka kuskure suna ko aka juya kalma, kira ya ɓaci, sai a koma tun daga fari. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake gamuwa da shi can gaba a ɗakin shari'a.

Suna da wani kira kuma wanda su ke ce wa "evocare", watau a kira abu ya fito. Akwai wani birni mai suna Veii, kamar mil 10 daga Rum, wanda Rumawa suka daɗe suna kewaye da shi da yaƙi. Masu tarihinsu sun ce cikin shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin yaƙinsu Camillus ya tsaya gaban rundunarsa ya kira Juno, abar bautar mutanen birnin, ya roƙe ta ta bar su ta bi shi zuwa Rum, ya yi mata alkawarin ɗakin bauta. Da birnin ya faɗi aka ɗauko gunkin aka kai Rum, aka cika alkawari. Saboda tsoron kada abokan gaba su yi musu haka, Rumawa suka ɓoye sunan abin bautar da su ke ganin shi ke tsaron birninsu. Sun tabbata wanda bai san suna ba, ba shi da ikon kira.

Ba gumaka kaɗai su ke kira ba. In mahukunci ya sa a yi wa ɗan birnin Rum bulala ko a kashe shi, mutumin yana da iko ya ɗaga murya ya kai kukansa ga taron jama'a. Wannan shi ne "provocare", an kuwa ƙarfafa shi da doka cikin shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda aka kai ƙara kuma ya kan kira wani masani ko mai daraja ya tsaya kusa da shi gaban shari'a, sunan wannan mutum "advocatus", watau wanda aka kirawo. Ashe tun a Rum kiran abin bauta da kiran shari'a uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

DAGA RUM ZUWA INGILA

Rumawa sun ci ƙasar Birtaniya cikin shekara ta 43, suka riƙe ta har wajen shekara ta 410. Amma ba a wannan zuwa kalmar ta zauna ba, domin bayan tashinsu waɗansu kabilu daga hayin teku suka mamaye ƙasar da nasu harshe, wanda shi ne kakan Ingilishi. Kalmar ta biyo ta Faransa ne, inda Latin ya yi ta sakewa a bakin talakawa har ya zama Faransanci, "invocare" kuwa ta zama "invoquer".

Cikin shekara ta 1066 William, mai mulkin Normandy ta arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, aka kashe Sarki Harold. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na ɗakin shari'a, Latin harshen malamai da na rubutu, Ingilishi kuwa aka bar wa manoma da barori. Sai cikin shekara ta 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin magana da Ingilishi gaban alkalai, rubutun shari'a kuwa bai koma Ingilishi sosai ba sai shekara ta 1733. Cikin waɗannan shekaru dubban kalmomin Faransanci da Latin suka shige cikin Ingilishi, kamar yadda kalmomin Larabci irin su alkali da hukunci da shaida da addu'a suka shige cikin Hausa ta hannun malamai.

Sunan aikin ne ya fara shiga, watau "invocation", don ana samunsa cikin waƙoƙin Chaucer, wanda ya mutu cikin shekara ta 1400. Ita "invoke" kanta sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta bayyana. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka same ta a rubuce shi ne wani littafi na William Caxton, falken tufafi wanda ya koyo aikin buga littattafai a ƙetare, ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, cikin shekara ta 1476. Cikin 1490 ya buga littafin Eneydos, wanda ya fassaro daga Faransanci, asalinsa kuwa waƙar Virgil ce, babban mawaƙin Rumawa.

A gabatarwar littafin Caxton ya koka da wuyar zaɓen kalmomi, don a zamaninsa Ingilishin wani gari ba shi ne na wani ba. Ya ba da labarin waɗansu fatake da iska ta tsai da jirginsu, suka sauka gaɓa neman abinci. Ɗayansu ya tambayi wata mace ƙwai da sunan da mutanen arewacin ƙasar su ke kiransa, sai ta ce ita ba ta jin Faransanci. Falke ya husata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya faɗi sunan ƙwai irin na kudu sa'an nan ta gane. Harshen da ke cikin wannan hali, in ya rasa kalma ya kan ara, Caxton kuwa ya ari da yawa. Inda ya sa wannan kalma shi ne wajen labarin Dido, sarauniyar Carthage, kusa da inda birnin Tunis ya ke yanzu. Masoyinta ya gudu ya bar ta, ta sa aka tara itace wai za a yi tsafi, aka yi ta kiran gumaka 300 da na ƙarƙashin ƙasa. Watau da kiran tsafi kalmar ta fara aiki cikin Ingilishi.

BOKAYE DA MAWAƘA

Ba a daɗe ba irin wannan kira ya zama abin da ke kai mutum ga igiya. Cikin shekara ta 1542, zamanin Sarki Henry na 8, Majalisar Dokoki ta Ingila ta yi dokar hana kiran aljannu, kalmar "invocation" kuwa tana cikin dokar. Aka sake yin wata cikin 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1. Cikin 1604 Sarki James na 1, wanda da kansa ya taɓa rubuta littafi kan sha'anin aljannu da mayu, ya sa hannu kan wadda ta fi su tsanani. Hukuncin kiran mugun aljani bisa ga wannan doka kisa ne, ko da ba a cuci kowa ba.

Abin takaici shi ne, ba mai iya ganin kira, sai dai a ce an ji ko an zata. Sa'ad da yaƙin basasa ya rikita ƙasar, wajen shekara ta 1645, wani mutum mai suna Matthew Hopkins ya naɗa kansa babban mai farautar mayu, ya bi garuruwan gabashin Ingila ana biyansa lada. Su kan hana wanda a ke zargi barci kwana da kwanaki har ya amsa abin da bai yi ba. Fiye da mutum 100 aka rataye ta dalilinsa, yawancinsu mata ne matalauta. Sai cikin 1736 aka soke dokar, aka maye gurbinta da wadda ta ce wanda ya yi da'awar yana da irin wannan iko mazambaci ne, hukuncinsa ɗaurin shekara 1.

Mawaƙa kuwa nasu kira dabam ne. Tun zamanin Homer na Yunanawa al'ada ce mai doguwar waƙa ya buɗe ta da neman taimako. Yunanawa sun ce akwai waɗansu 'yan mata 9 cikin abubuwan bautarsu, su ke ba mutum basirar waƙa da tarihi da sauran fannoni, sunan kowacce "Muse". Virgil ya bi Homer, mawaƙan Ingila suka bi Virgil. John Milton, wanda ya makance tun wajen 1652, ya riƙa tsara baitoci a ka yana faɗa ana rubuta masa, har aka buga babbar waƙarsa Paradise Lost cikin 1667. A baitocinta na farko ya sa wannan kalma sosai, yana neman taimako daga sama kan aikin da ya ga ya fi ƙarfinsa. Wanda ya san rubutattun waƙoƙin Hausa ba zai yi mamaki ba, don su ma marubutansu ba su kan shiga magana ba sai sun fara da sunan Allah da salati ga Annabi da roƙon dacewa. Waɗanda a ke kira sun bambanta nesa, amma dalili ɗaya ne: mai waƙa ya san basirarsa ba ta isa ita kaɗai ba.

KIRAN DOKA

Sannu a hankali kalmar ta sami wani aiki, wanda shi ne ya fi yawa a yau. Mutum ya kan kira doka, ko alkawari, ko hukuncin magabata, kamar yadda a ke kiran mai ceto.

Cikin shekara ta 1215 hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da wata takardar alkawari a filin Runnymede, ita ce a ke kira Magna Carta. A ciki an ce ba za a kama ɗa a ɗaure ba sai bisa hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Ba ta yi wata 3 ba Paparoma ya soke ta. An sake fitar da ita daga baya, amma a kwana a tashi ta koma abin da lauyoyi kaɗai su ke tunawa. Har Shakespeare ya rubuta wasa sukutum kan Sarki John bai ambace ta ba.

Sai ga Sarki Charles na 1 ya matsu da kuɗin yaƙi, ya aza wa masu dukiya rance na dole ba da yardar Majalisa ba. Waɗanda suka ƙi ya sa aka kulle su ba tare da an faɗi laifinsu ba. Cikin 1627 mutum 5 daga cikinsu suka kai kuka gaban manyan alkalai, lauyoyinsu suka tono tsohuwar takardar nan mai shekara 412 suka kafa hujja da ita. Alkalai suka mai da su kurkuku. Amma an riga an ta da mai barci. Da shekara ta kewayo, Sir Edward Coke, tsohon alkalin alkalai mai shekara 76, ya ja gaban Majalisa suka rubuta wa Sarki takardar neman hakki, ya amince da ita cikin watan Yuni na 1628, ba da son ransa ba. In masu tarihi na Ingila za su ba da wannan labari, "invoke" ita ce kalmar da su kan sa.

Ba manya kaɗai wannan kira ya cece su ba. James Somerset mutumin Afirka ne, an sato shi yana yaro an sayar a Amurka. Ubangidansa ya zo da shi Ingila cikin 1769. Cikin 1771 ya gudu, aka kamo shi, aka sa shi cikin jirgin ruwa a ɗaure za a kai shi Jamaika a sayar. Mutum 3 da suka tsaya masa ranar da ya shiga addinin Kirista suka ruga wurin alkalin alkalai, Lord Mansfield, suka nemi takardar da a ke kira "habeas corpus". Ita wannan umurni ce daga alkali cewa duk wanda ke tsare da mutum ya kawo shi gaban shari'a ya faɗi dalili. Aka sauko da Somerset daga jirgi. Ran 22 ga Yuni, 1772, Mansfield ya yanke cewa ba wata dokar Ingila da ta ba ubangida iko ya fitar da bawa daga ƙasar ƙarfi da yaji don ya sayar, saboda haka a sake shi. Wannan bai kashe bauta ba, don dokar 'yanta bayi a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila sai 1833 aka yi ta. Amma da ba a sami waɗanda suka san sunan takardar nan ba, suka kuwa neme ta kafin jirgi ya tashi, da labarin Somerset ya ƙare a gonar rake.

Amurkawa sun gāji kalmar tare da shari'ar Ingila. Gyara na 5 da suka yi wa tsarin mulkinsu cikin 1791 ya ce ba za a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa ba. Cikin 1966 Kotun Ƙolinsu ta ƙara da cewa lalle 'yan sanda su gaya wa wanda suka kama yana da iko ya yi shiru, yana kuma da iko ya nemi lauya. To, sai ga wata shari'a daga jihar Michigan. An kama wani mutum bisa zargin kisan kai, aka karanta masa hakkinsa, aka shiga yi masa tambayoyi. Kusan sa'a 3 bai ce kome ba sai kalma ɗaya ɗaya. Can sai ɗan sanda ya tambaye shi ko ya gaskata da Allah, ko ya kan yi addu'a, ko kuma ya kan roƙi Allah gafara saboda harbin yaron nan. Ya ce i. Aka kai wannan amsa gaban shari'a cikin shaidun da aka tara, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Lauyoyinsa suka ce ai dogon shirun da ya yi ya isa nuna ba ya son magana, kamata ya yi a ƙyale shi tun da wuri. Ran 1 ga Yuni, 2010, Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja, alkalai 5 suka rinjayi 4. Suka ce wanda ke son hakkin shiru ya tsare shi, sai ya buɗe baki ya faɗa a fili cewa ya kira wannan hakki. Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta nuna abin mamakin da ke ciki, watau sai mutum ya yi magana kafin a yarda yana son ya yi shiru. Hausawa su kan ce shiru ma magana ce. A wannan ɗakin shari'a ba a karɓi karin maganar nan ba, ƙa'idar Rumawan dā aka bi: a ambaci suna, a kuma faɗi kalma daidai.

KIRAN GWAMNATOCI

Ƙasashe ma su kan yi kira. Ran 4 ga Afrilu, 1949, ƙasashe 12 suka ƙulla alkawarin tsaro a birnin Washington, suka kafa ƙungiyar NATO. Sashe na 5 na alkawarin ya ce in aka kai wa ɗayansu hari, kamar an kai wa dukansu ne. Masu rubuta shi suna zaton wata rana Turai za ta kira Amurka ta cece ta daga Rasha. Shekara 52 sashen yana kwance ba wanda ya taɓa shi. Sa'ad da aka kira shi, ran 12 ga Satumba, 2001, kashegarin harin da ya hallaka kusan mutum 3000 a Amurka, sai ya zama Amurka ce aka zo taimako, har jiragen sama na ƙungiyar suka yi watanni suna gadin sararin samaniyarta.

Wani kiran kuma ya nuna gaskiyar masu cewa magana zarar bunu ce. Ran 23 ga Yuni, 2016, mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'a, kashi 52 cikin 100 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Hanyar fita tana cikin sashe na 50 na alkawarin Tarayyar, wanda ya ce daga ranar da ƙasa ta ba da sanarwa tana da shekara 2 ta gama shiri. Gardama ta tashi kan wanda ke da ikon yin kiran. Cikin Janairu na 2017 Kotun Ƙoli ta Birtaniya, alkalai 8 bisa 3, ta ce gwamnati ba ta da iko sai Majalisa ta yi doka. Aka yi dokar, Firayim Minista Theresa May ta sa hannu kan wasiƙa, aka miƙa ta a Brussels ran 29 ga Maris, 2017. Daga ran nan kwanaki suka fara ƙirguwa, alhali kuwa 'yan Majalisa ba su daidaita kan irin fitar da su ke so ba. Fiye da mutum miliyan 6 suka sa hannu kan takardar roƙo a janye wasiƙar, kotun Tarayyar ma ta ce ana iya janyewa, amma ba a janye ba. Sau 3 ana ɗaga ranar fita, Theresa May ta sauka daga mulki, sa'an nan ƙasar ta fita ran 31 ga Janairu, 2020.

Da ya ke da Ingilishi a ke rubuta dokokin Nijeriya, kalmar ta yi aiki a nan ma. Ran 23 ga Nuwamba, 2009, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Jidda neman magani. Sashe na 145 na tsarin mulkin 1999 ya ce Mataimaki zai riƙe mulki in Shugaba ya aika wa Majalisa da takarda. Takarda ba ta zo ba, ƙasa ta yi kwana 78 cikin ruɗu. Ran 9 ga Fabrairu, 2010, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka kira wata tsohuwar ƙa'ida ta shari'ar Ingila, ƙa'idar larura, wadda a kan danganta ga alkali Bracton na ƙarni na 13. Ma'anarta larura ta kan halatta abin da dā bai halatta ba, maganar da malaman fiƙihu ma suka sani. Suka ɗauki hirar da Shugaban ya yi da BBC ta wayar tarho ran 12 ga Janairu a matsayin sanarwa, suka ba Goodluck Jonathan riƙon mulki. Waɗansu lauyoyi suka ce wannan ba ya cikin tsarin mulki, waɗansu suka ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Cikin shekarar nan aka gyara sashen, aka ce in Shugaba ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba, Majalisa tana da iko ta ɗora Mataimaki, don kada a sake bukatar irin wannan kira.

DANGIN KALMAR DA FASSARARTA

Wanda ya gane tushen "vocare" ya sami mabuɗin kalmomi da yawa. "Evoke" ita ce a jawo abu ya fito, yanzu an fi faɗinta ga abin da ya ta da tunani, kamar ƙanshin ruwan fari da ya kan tuna wa baƙo gida. Ko Turawa su kan rikita ta da "invoke", bambancinsu kuwa shi ne ɗaya kira ce a fito, ɗaya kira ce a shigo a taimaka. "Provoke" ta zama tsokana. "Revoke" ita ce a kira abu ya komo, watau a soke shi, kamar lasin ko izni. "Advocate" lauya ne ko mai tsaya wa wani. "Convocation" taro ne da aka kira, kamar na ba da digiri a jami'a. "Vowel" shi ne wasali, harafi mai murya. Masu tsara aikin kwamfuta ma sun ari "invoke": su kan rubuta wani umurni su ba shi suna su ajiye, ba ya motsi sai an kira shi da sunan nan, in kuwa aka kuskure harafi ɗaya ba ya amsawa.

Ɗaya daga cikin dangin ta shigo Hausa tun zamanin baitulmalin En'e. A tsohuwar shari'ar Ingila, in aka yi ƙarar mutum kan gona, ya kan kira wanda ya sayar masa ya zo ya tabbatar da cinikin. Wannan kira sunansa "voucher". Daga baya sunan ya koma kan takardar da ke shaidar an biya kuɗi. Ita ce bauca, wadda ma'aji ba ya buɗe akwati sai ya gan ta. Duk akawun da ya ɗauko bauca gaban mai binciken kuɗi, shaida ya kira.

Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki dukan nauyin "invoke", saboda haka mai fassara sai ya dubi wanda a ke kira. In Allah ne, roƙo ne ko addu'a. In aljannu ne, kiraye-kirayen bokaye ne. In doka ce a hannun talaka, kafa hujja ne ko neman tsari. In doka ce a hannun gwamnati, sai a ce ta yi aiki da sashe kaza.

Abu 2 ke fitowa daga wannan labari. Na fari, abin da mai mulki ya kira ba ya komawa da sauƙi, saboda haka in aka ji gwamnati ta ɗauko wani sashe, ya kamata a tambaya wane sashe ne, me ya ce, wa ya ba da izni, yaushe kuma zai ƙare. Na biyu, doka ba ta zuwa da kanta. Tana kwance cikin littafi kamar yadda Magna Carta ta kwanta, sai wanda ya san sunanta ya tashe ta. Masu ceton Somerset sun san sunan takardar da za su nema, mutumin Michigan kuwa bai faɗi kalmar da a ke jira ba. Rumawa da gangan suka ɓoye wa abokan gaba suna. Yau sunayen suna rubuce a fili cikin tsarin mulki da littattafan doka, ba abin da ke ɓoye su ga mutum sai rashin karatu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.